Hikimar Rumawa a Makarantar Kongo

Kongo tana cikin Tudun Wadar Zariya, a bayan ganuwar birni. Bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu sai Gwamnati ta kafa makaranta a nan don koya wa samari aikin akawu. Cikin shekarar 1954 aka ɗaukaka ta, ta zama Makarantar Koyon Sha'anin Mulki, inda ma'aikatan Gwamnati da na En'e su kan zo su ƙaro sani. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962 sai aka haɗa ta da ita, har yau kuwa a nan ne jami'ar ta ke karantar da ilmin shari'a.

Wanda duk ya zauna ajin shari'a a Kongo zai ji malamai suna jefa waɗansu 'yan kalmomi waɗanda ba Turanci ba ne, ba kuwa Larabci ba. Harshen Latin ke nan, watau harshen Rumawan da. Akwai guda biyu da ba ɗalibin da zai fita bai haddace su ba. Ɗaya ita ce mens rea, ma'anarta zuciya mai laifi. Ɗaya kuwa audi alteram partem, ma'anarta a saurari ɗaya ɓangaren. Waɗannan kalmomi sauran wata doguwar muhawara ce da masu hikima na Rumawa suka yi bisa tambaya guda: in mutum ya aikata mugunta, wa ke da laifi, shi ko ƙaddara? Tambayar nan ba ta malamai kaɗai ba ce, gama a kanta ne a ke yanke wa mutum hukuncin kisa ko a sake shi ya koma cikin iyalinsa.

Rumawan da a ke nufi a nan su ne mutanen birnin Roma ta ƙasar Italiya. Daga wannan birni mulkinsu ya yaɗu har ya kewaye Bahar Rum duka, ya haɗa da Masar da Sham da Afirka ta Arewa da Andalus, har ya kai Ingila. Daga baya daular ta rabu biyu. Ta yamma ta faɗi cikin shekarar 476, ta gabas kuwa, wadda babban birninta shi ne Istambul ta yanzu, ta daɗe ƙwarai bayanta, ita ce Rum ɗin da Musulmin farko suka tarar. Rumawan farko masu bautar gumaka ne, ba su da littafi saukakke. Jama'arsu sun gaskata cewa waɗansu alloli mata guda uku ne ke riƙe da zaren ran kowane mutum, ɗaya ta kaɗa, ɗaya ta auna, ɗaya ta yanke. To, amma fa suna da kasuwa, da bashi, da gado, da faɗa, da kisan kai. Alƙalin da aka kawo wa mai laifi ba shi da damar ya ce zare ne ya ƙare, ya sallami kowa. Saboda haka tilas ta sa masu hankalinsu suka zauna suka yi tunani.

Na farko da ya kamata a ambata shi ne Sisero, wanda aka haifa shekara 106 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Lauya ne mai fasahar magana, ya kuma taɓa riƙe shugabancin Roma na shekara guda. Cikin shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa ya rubuta wani ɗan littafi a kan ƙaddara. A ciki ya kawo wata hujja da mutanen da su ke kira hujjar ragwaye. Rago ya kan ce ba amfanin kiran mai magani, don in majiyyaci mai tashi ne zai tashi, in kuwa kwanansa ya ƙare ba mai tsai da shi. Sisero ya kawo amsar da wani malamin Yunanawa mai suna Kirisifus ya bayar, cewa sau da yawa abu da sanadinsa tare a ke ƙaddara su. In an ƙaddara warkewa, to, mai yiwuwa ne tare da neman magani aka ƙaddara ta. Manomi ma ya san haka, gama bai taɓa ganin an ƙaddara wa mutum cikakken rumbu ba tare da shuka da noma ba.

Musulmi ba zai ji wannan amsa baƙuwa ba. Sa'ad da annoba ta faɗa wa ƙasar Sham cikin halifancin Sayyadina Umaru, yana kan hanyar zuwa can, sai ya yi shawara da Sahabbai ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ya ke yi. Sai ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah ta ke, ya buga masa misali da makiyayin da ya sami kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa, ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma mai hankali ya san gefen da zai zaɓa.

Akwai wani misali kuma da Sisero ya ɗauko daga wannan malami. In aka tura mulmulallen gungume, wanda ya tura shi shi ne ya fara motsa shi, amma abin da ya sa ya yi ta gangarawa shi ne siffarsa. Da faifan dutse aka tura haka, da ya tsaya nan take. Haka mutum ya ke. Abin da ya same shi daga waje, kamar talauci, ko zagi, ko ganin kuɗin da ba nasa ba, shi ne turawar. Amma gangarawar daga halinsa ta ke. Mutum biyu su kan tsinci jakar kuɗi, ɗaya ya yi cigiya, ɗaya ya sa aljihu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Cikin wannan shekara dai Sisero ya rubuta wa ɗansa, wanda ke karatu a birnin Atina, littafi a kan wajiban ɗan Adam. A ciki ya kasa zalunci kashi biyu: na wanda ya cuci wani da hannunsa, da na wanda ya ga ana cuta, yana da ikon hanawa, ya kau da kai. Ya kuma nuna cewa laifin da aka yi cikin ɗimuwar farat ɗaya bai kai nauyin wanda aka kwana ana shiryawa ba. Mai karatu ya riƙe wannan magana, don za ta sake fitowa a ƙasar Gwandu bayan shekara wajen dubu biyu. Shi kansa Sisero bai daɗe ba bayan wannan. Abokan gābarsa suka sami mulki, suka sa aka kashe shi cikin watan Disamba na shekara ta 43, aka kafe kansa da hannunsa a dandalin da ya saba yi wa jama'a jawabi.

Na biyu shi ne Seneka, haifaffen Kurɗuba ta Andalus, garin nan da daga baya ya fitar da manyan malaman Malikiyya. Shi ya fi mai da hankali ga fushi, don a ganinsa ba abin da ke jawo wa mutane ɓarna kamarsa. Ya ce motsin farko ba a hannun mutum ya ke ba, kamar faɗuwar gaba, ko sākewar fuska, ko rawar jiki. Amma tsakanin wannan motsi da ɗaga hannu akwai wata 'yar rata, inda zuciya ta kan yarda ko ta ƙi. A nan laifi ya ke farawa, maganinsa kuwa jinkiri. Ga wanda zai ce hali zanen dutse ne, Seneka ya amsa da cewa hali yana horuwa, har ya faɗi al'adarsa ta bin ayyukansa na yini ɗaya ɗaya kowane dare kafin ya yi barci, yana tuhumar kansa.

Ya ba da labarin wani shugaban yaƙi mai suna Fiso, don ya nuna abin da fushi ke yi in ya hau gadon shari'a. Wani soja ya komo sansani ba tare da abokin tafiyarsa ba. Fiso ya ce lalle kashe shi ya yi, ya yanke masa hukuncin kisa. Soja ya roƙi a ba shi lokaci ya nemo shi, aka hana. An fitar da shi bayan sansani, ya miƙa wuya ke nan, sai ga abokin nan ya ɓullo da ransa. Hafsan da aka ba aikin ya ce wa hauni ya mai da takobi kube, ya komo da su duka biyu gaban Fiso, jama'a na biye suna murna. Fiso ya ga kamar an kunyata shi, sai ya hasala, ya sa aka kashe mutum uku: na farko don an riga an yanke masa hukunci, na biyu don shi ya jawo, hafsa kuwa don ya ƙi bin umurni. Ba wanda zai ce ƙaddara ce ta yi wannan ɓarna ba Fiso ba. Cikin wani wasan kwaikwayo da ya rubuta kuma, Seneka ya nuna cewa mai hukunci ba ya zama adali in bai ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba, ko da hukuncin nasa ya faɗa daidai.

Amma tarihi bai ɓoye aibin Seneka ba. Shi ne malamin Sarki Nero, ya zama babban mashawarcinsa, ya tara dukiya mai yawan gaske alhali yana yabon gudun duniya. Da Nero ya sa aka kashe uwarsa cikin shekarar 59, masu tarihin Rumawa sun ce Seneka ne ya tsara takardar da aka aika wa majalisa don wanke sarki. Watau ya faɗa cikin kashi na biyu na zaluncin nan da Sisero ya ambata. Daga baya ya janye jikinsa daga fada, amma bai tsira ba. Cikin shekarar 65 Nero ya tuhume shi da hannu cikin wata maƙarƙashiya, ya aika masa da umurnin ya kashe kansa. Sanin gaskiya daban, tsayawa a kanta gaban mai iko daban.

Abin da ya sa hikimar Rumawa ta daɗe shi ne ba su bar ta cikin littattafan wa'azi kaɗai ba, sun sa ta cikin doka. Tun wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa suka rubuta dokokinsu bisa alluna goma sha biyu, suka kafe a dandali don kowa ya gani. A ciki an ce in makami ya suɓuce wa mutum, ba jifa ya yi ba, ya kashe wani, to, ba za a kashe shi ba, sai a ba da rago a madadinsa. Sarki Hadiriyan, wanda ya yi mulki daga 117 zuwa 138, ya umurci alƙalansa su duba nufin mai laifi, kada su tsaya ga abin da ya auku kaɗai. Wanda ya zare takobi ya sara, nufinsa a fili ya ke. Wanda kuwa ya rarumi tukunya cikin rikici ya buga, a sassauta masa. Cikin shekarar 533 Sarki Jastiniyan ya sa aka tattara fatawoyin malaman shari'ar Rumawa cikin babban kundi. Ya mutu cikin 565, watau 'yan shekaru kaɗan kafin haihuwar Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallama.

Kalmar nan mens rea kuwa asalinta daga Afirka ne. Wani babban malamin Kirista mai suna Agustin, wanda aka haifa cikin 354 a ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu, ya yi wa'azi a kan rantsuwa, ya ce wanda ya rantse bisa abin da ya ɗauka gaskiya ne, ba a kiransa mai rantsuwar ƙarya, don harshe ba ya ɗaukar laifi sai zuciya ta ɗauka. Cikin farkon ƙarni na 12 aka shigar da wannan magana cikin wani littafin dokokin Ingila. Dokar Ingila ba kwafin ta Rumawa ba ce, ta tsiro ne daga hukunce-hukuncen jojinsu. Amma malamansu da Latin suka yi karatu, saboda haka suka ɗebi ƙa'idodi da yawa daga can. Da Ingilishi suka mallaki Indiya, sai Lord Macaulay da abokan aikinsa suka tsara mata kundin laifuffuka, wanda ya zama doka cikin 1860. Daga na Indiya aka tsara na Sudan cikin 1899.

To, ga yadda abin ya iso ƙasar Hausa. Zamanin mulkin Turawa doka biyu ke aiki a Arewa wajen laifuffuka. Kotunan joji suna bin dokar Turawa, kotunan sarakuna da alƙalai suna bin Malikiyya, ban da hukunce-hukuncen da Gwamnati ta hana, kamar yanke hannu. Cikin 1947 wata shari'a daga Gwandu ta tone bambancin da ke tsakaninsu. Wani mutum ya kashe wani cikin zafin fushi bayan an tsokane shi, kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa. A Malikiyya kisa iri biyu ne, ganganci da kuskure, tsokana kuwa ba ta fitar da shi daga ganganci. Sauƙi yana hannun masu jini: in sun so su nemi ƙisasi, in sun so su yafe, sa'an nan a yi wa mai kisan bulala ɗari da ɗaurin shekara. A dokar Turawa kuwa tsokana mai tsanani tana rage laifin, ba a kashe shi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin. Ya zamana ran mutum ya rataya ga kotun da aka kai shi. Sarakuna da alƙalai suka ji zafin abin, waɗanda ba Musulmi ba kuwa suna nasu tsoron, ga mulkin kai ya gabato.

Saboda haka cikin 1958 Gwamnatin Jihar Arewa, a ƙarƙashin Firimiya Alhaji Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta aika da wakilai Sudan da Libiya da Pakistan su ga yadda ƙasashen Musulmi ke yi. Ta kuma kafa kwamitin masana mutum shida. Shugabansu shi ne Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Sauran su ne Joji Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa J. N. D. Anderson daga Landan, da Shettima Kashim, Wazirin Barno, da Mr. Peter Achimugu, da Malam Musa, Babban Alƙalin Bida. Suka ba da shawara a yi doka guda ta laifuffuka wadda za ta hau kan kowa, a bar aure da saki da gado a hannun shari'ar Musulunci. Aka ɗauki ta Sudan aka gyara, malamai a ƙarƙashin Wazirin Sakkwato, Malam Junaidu, suka duba ta. Majalisa ta zartar da ita cikin 1959, ta fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960, kwana ɗaya kafin Nijeriya ta sami 'yancin kai.

Rubuta doka abu ne mai sauƙi a kan koya wa waɗanda za su yi aiki da ita. Wannan nauyi Kongo aka ɗora wa. Aka juya dokar da Hausa, aka riƙa kiran alƙalai da muhutai da malaman kotu daga larduna, ƙungiya ƙungiya, su yi kwas su koma. Mr. S. S. Richardson, wanda ya yi aiki a Sudan kafin ya zo Arewa, yana cikin waɗanda suka tsara dokar, ya kuma shugabanci makarantar daga 1961. Dattawan da suka sha karatun Risala da Muhtasar a zaure suka zauna bisa benci suna bin doka sashe sashe.

Abin da suka tarar a ciki shi ne tsohuwar tambayar nan ta Rumawa, an raba ta lamba lamba. Sashe na 48 ya ce abin da ya auku bisa tsautsayi ba laifi ba ne, in mutum yana cikin aikin halal, ba shi da mugun nufi, ya kuma yi hattara yadda ya kamata. Sashe na 50 ya ɗauke laifi daga yaron da bai kai shekara 7 ba, na 51 ya ɗauke daga mahaukaci. Sashe na 221 ya ajiye hukuncin kisa ga mai kisan ganganci. Na 222 kuwa ya fitar da wanda tsokana mai tsanani ta farat ɗaya ta gusar masa da ikon riƙe kansa, ya bar shi da ɗauri. Mafi yawan wannan ba baƙo ba ne gare su. Sun san hadisin da ya buɗe Arba'una, mai koyar da cewa da niyya a ke auna aiki. Sun san an ɗauke alƙalami daga yaro da mahaukaci da mai barci. Sun san an hana alƙali hukunci yana cikin fushi, an kuma umurce shi ya ji ta bakin masu husuma duka biyu. Inda aka saɓa shi ne batun tsokana, da kuma fitar da ikon yafewa daga hannun masu jini. Wannan ya yi wa malamai da yawa nauyi, bai kuwa daina yi ba har shekaru masu yawa.

Abubuwa sun sāke tun daga sa'an nan. An raba Jihar Arewa cikin 1967, kotunan En'e suka koma hannun Gwamnati, cikin 1976 kuma ƙananan hukumomi suka maye gurbin En'e. Daga shekarar 2000 jihohi 12 na Arewa suka komo da shari'ar Musulunci ga Musulmi, Jihar Kaduna kuwa ta sabunta kundin laifuffukanta cikin 2017. Amma ko wace kotu aka je, ba a daina tambayar abin da mai laifi ya nufa ba, sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ba kowa hakkin a saurare shi kafin a hukunta shi.

Darasin da ke cikin wannan tarihi bai tsaya ga alƙalai ba. Imani da ƙaddara wajibi ne ga Musulmi, amfaninsa kuwa shi ne mutum ya yi haƙuri da abin da ya fi ƙarfinsa, kamar fari, da mutuwa, da hasarar da ta zo bayan ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ba a ba shi don ya zama mayafin rufe laifi ba. Direban da ya san birkin motarsa ya lalace, ya cika ta da mutane ya kama hanya, in ya kashe su ba shi da bakin cewa ƙarar kwana ce, gama bai yi hattarar da doka ta nema ba. Ma'ajin da ya ci kuɗin jama'a ba shi da bakin cewa rabo ne ya rantse. Wanda kuma ya ga ana zaluntar maƙwabcinsa, yana da ikon magana ya yi shiru, shi ma yana da nasa kason. Rumawa, da ba su da littafi saukakke, sun kai ga wannan da hankali da wahalar zaman duniya. Wanda ya ke da hankali, ga kuma Littafi a hannunsa, uzurinsa ya fi nasu ƙaranci. Allah ya ba shugabanni da alƙalai ikon yin adalci, ya ba talakawa ikon riƙe amana, amin.